Damagaram: yini guda wurin masu gyaran famfon man babur

Duk matafiyin da ya taso daga Maraɗi ya nufi gabas bisa babbar hanyar ƙasa, in ya wuce Tasawa da Takeita, abin da zai fara shaida masa cewa ya kusa Damagaram shi ne manyan duwatsun nan da ke zaune bisa juna kamar da hannu aka jera su. Abu na biyu kuwa shi ne ƙugin babura. Tun kafin a kai tsakiyar gari ƴan kabu-kabu za su kewaye mota, a bakin hanya kuma ga tebura an jera kwalabe cike da mai, rana tana haskawa cikinsu. Garin nan da ya zama mazaunin gwamnan Faransawa har zuwa 1926, lokacin da aka mai da babban birni Yamai, yau bisa taya biyu yake tafiya. Da babur ma'aikaci ke zuwa wurin aiki, da shi ɗan kasuwa ke kewaya masu bashinsa, da shi kuma ake kai marar lafiya asibiti in dare ya raba.

Galibin waɗannan babura ƙirar ƙasar Sin ne, irin waɗanda suka cika kasuwanninmu tun shekarun 2000. Amma mai lura zai hangi tsofaffi jefi-jefi a cikinsu: Mobylette mai launin shuɗi, da Peugeot P50 irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Bobo-Julaso ta Burkina Faso, da Yamaha, da Honda. Su ne baburan malaman lakwal, da ma'aikatan gidan waya, da malaman gona na zamanin da. Mobylette dai kamfanin Motobécane na Faransa ya fito da ita a 1949. Daga baya kamfanin ya karye, aka sake masa suna MBK, Yamaha ta Japan ta karɓi ragamarsa a 1986, sa'an nan a 2002 aka daina ƙera ta a masana'antar Saint-Quentin. Honda kuwa ya fito da CG 125 a 1975, ya ƙera shi musamman domin ƙasashen da hanya ba ta da kyau kuma ba a cika kula da inji ba, har ma yawancin baburan Sin na yau injinsa suka kwaikwaya.

To, me ke riƙe da waɗannan tsofaffi bisa hanya har yanzu? Hannun mutane ne. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, kayan gyaran da ake sayowa daga Turai suka ninka kuɗi dare ɗaya, ga shi kuma a shekarun nan ma'aikata kan yi watanni ba albashi. Makanikan da suka yi aiki a wannan zamani tilas suka koyi gyara abin da a da ake jefarwa. Wurin ɗaya daga cikinsu na yini, a wata rumfar kwano ƙarƙashin dogon yaro, ba nisa da kasuwar Dole, kuma aikin da na tarar ya shafi ɗan ƙarfen da bai wuce tsawon yatsa ba, wato famfon mai, wanda makanikanmu ke kira robine.

Ranar Alhamis ce, ranar babbar kasuwa, gari ya cika da amalanke da raƙuma da motocin ƙauye. Da hantsi sai ga wani tsohon malamin lakwal da ya yi ritaya, yana tura Honda CG 125 da hannu, warin mai yana biye da shi.

"Mushe, barka da hantsi. Yau kuma me ya sami tsohon?" in ji makaniken.

"Lafiya lau, maigida. Kwana uku ke nan uwargida ta hana shi kwana a zaure. Ta ce warin mai ya hana yara barci, ga kuma murhu a tsakar gida."

"Ai ta fi ka gaskiya, Mushe."

Lalle ta fi shi gaskiya, kuma ya kamata masu karatu su san dalili. Tururin fetur ya fi iska nauyi, saboda haka ba ya tashi sama ya watse kamar hayaƙi. Ƙasa yake bi, ya kwanta bisa daɓe, ya sulale ta ƙarƙashin ƙofa har ya iske garwashi ko fitila ko ashana. Babur da ke ɗigar mai a cikin zaure rufaffe, wuta ce aka ajiye tana jiran mai kunna ta. Ko da Allah ya kiyaye gobara, akwai hasarar aljihu. A ce babur yana zubar da rubu'in lita kowane dare: a wata guda lita 7 da rabi ke nan. In aka lissafa da sefa 499, farashin da gwamnati ta sa wa lita a watan Yulin 2024, sai a ga an zubar da kusan sefa 3.750 a ƙasa, wato jika uku da dala 150. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Kafin ya taɓa kome, dattijon ya aiki yaronsa ya gaya wa mai shayin da ke maƙwabtaka da su ya ja gawayinsa baya, ya kuma kori wani saurayi da ke riƙe da taba. Sa'an nan aka juye man tanki cikin jarka, aka rufe ta, aka kai ta inuwa. Ya buɗe murfin tanki ya hura ɗan ramin da ke jikinsa. Ya ce da yawa sukan zo suna kuka da robine alhali wannan rami ne ya toshe: in iska ba ta shiga tanki, mai ba ya sauka, sai babur ya riƙa mutuwa bayan ƴar tafiya kaɗan, a buɗe murfi ya tashi. Na Mushe lafiyarsa lau, sai aka kwance babban notin da ke ɗaure robine a gindin tanki.

Ga yadda abin yake aiki. A irin waɗannan babura babu injin da ke tura mai, nauyinsa kawai ke gangaro da shi daga tanki, ya bi ta robine, ya bi tiyo, ya shiga karburato, wanda mutanen Kano ke kira kafireto. Robinen yana da mashiga biyu a cikin tanki. Ɗaya ɗan bututu ne da ke tsaye, bakinsa yana sama da gindin tanki, ɗayar kuma rami ne a gindin kansa. In an juya hannun robine wajen buɗewa, mai yana bi ta bututun mai tsawo. In mai ya ragu har ya sauka ƙasa da bakin bututun, babur ya fara shaƙewa, sai a juya wajen ajiya, man da ya rage a gindi ya biyo ta ramin ƙasa. Wato ajiyar nan da ake faɗa ba wani tanki ba ne na dabam, ragowar man ne da bututu bai kai gare shi ba. A bayan hannun robine akwai wani ɗan kwari da aka sassaƙa, yana zaune bisa faifan roba mai ramuka, wani siririn zoben ƙarfe mai lanƙwasa yana danne su. Juya hannun shi ke haɗa rami da rami ko ya raba su. A can ƙasa kuma akwai ɗan kofi mai rariya, inda ruwa da dauɗa ke taruwa.

Da aka baje kayan bisa farin tsumma, sai tarihin babur ɗin ya fito fili. An taɓa goga wa robinen sabulu, dabarar matafiya ce da aka sani, domin sabulu ba ya narkewa cikin fetur, yakan tsai da ɗiga har a isa gari. Daga baya wani ya lafta masa gam. Faifan roba ya bushe ya yi tauri kamar busasshen ƙirgi, ya tsage tsakanin rami biyu, shi ya sa ko an rufe mai ba ya tsayawa. Fuskar hannun ta yi zane-zane saboda rairayin da ya shiga tsakani. Rariyar da ke rufe bututu ta yage, ramin ajiya kuwa tsatsa ta toshe shi sarai. Zoben robar da ke bakin kofi ya baje, ba ya riƙe kome.

Wani abin da ya ƙara wa aikin wuya shi ne, a wannan robine, masana'anta ba ta yi nufin a buɗe shi ba. Farantin da ke riƙe hannun da ƙusoshi biyu aka dasa shi, aka daddale kawunansu. Dattijon ya ɗauki siririn abin huji ya cinye kawunan a hankali, ya huda gurbinsu, ya yanka musu zare, domin a sa ƙananan sukurori a madadinsu, yadda nan gaba kowa zai iya kwancewa. Ya ce a nan ne gaggawa ke kashe aiki, domin jikin robinen ba tagulla ba ne, gaurayen tutiya ne da ɗan alminiyam, mai taushi da saurin tsagewa. Irin wannan ƙarfe yana narkewa a zafin da bai wuce digiri 390 ba, saboda haka in an kai shi wurin mai walda da wutar da ake like tagulla, narkewa zai yi ya zube kamar kitse. In jikin ya tsage, in ji shi, babu sauran magana, sai a sayi sabo.

Na tambaye shi: "Baba, to me ya hana a sayi sabon tun yanzu, tun da ga su nan a kasuwa?"

Bai amsa ba, sai ya ce in bi yaronsa kasuwar Dole. Muka ratsa layin masu goro da masu kanwa da dabino, muka wuce dukawa masu jakunkuna da takalman da aka san Damagaram da su, har muka isa rumfunan kayan babur. Robine kam ga su nan rataye cikin leda, galibi daga Kano ake kawo su, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Mai rumfar, mutum ne mai gaskiya, ya auna wanda muka zo da shi da nasa, ya nuna mana cewa zaren notin wasu bai dace da tsohon tanki ba, wasu kuma bututunsu gajere ne ƙwarai, wato ajiyar da za su bari ba za ta kai mutum ko'ina ba. Ya ce ga baburan yanzu nasa sun isa, kuma shi ma da su yake ci da iyalinsa, amma wanda ya tilasta noti bisa zaren da ba nasa ba, tankin zai ɓata, kuma tankin asali na wannan babur ya fi robine wuyar samu nesa ba kusa ba. Muka sayi ƙananan sukurori biyu, da zoben roba na kofi, da sabon tiyo, muka juyo.

Saura faifan roba, wanda shi ne zuciyar aikin. Yaran yanzu, in ji dattijon, sukan yanko shi daga tsohuwar robar cikin taya, a ɗaura, mai babur ya biya ya tafi yana murna. Bayan kwana kaɗan robar ta sha fetur ta kumbura, ta toshe ramuka, ko ta narke ta bi tiyo ta cika karburato da baƙin gari. Ba kowace roba ke jure fetur ba. Ya jawo wata kwalba daga ƙarƙashin benci, cike da mai, da guntayen roba iri-iri a ciki. Duk robar da ya samu, sai ya yanki kaɗan ya jefa a nan ta yi kwanaki. Wadda ta fito yadda ta shiga, ita yake aiki da ita, wadda ta kumbura ko ta yi laushi kuwa ya yar. Wannan kwalba ita ce ɗakin bincikensa.

Domin gyaran bututu da rariya sai da muka shiga Birni, tsohon gari, inda wani maƙeri abokinsa yake. Hanyar ta bi ta gaban fadar Sarkin Damagaram, ta kutsa cikin lunguna masu gidajen ƙasa da aka yi wa zane a fuska, wasu sun jingina da duwatsu kamar tare aka halicce su. Nan da can ana ganin ragowar ganuwar da aka gina a ƙarni na 19. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ya ɗaukaka garin nan, kuma a zamaninsa maƙeran Damagaram sun zuba igwa a cikin birnin da hannunsu. Aikin ƙarfe ba baƙo ba ne a wannan wuri. Maƙerin ya dubi bututun, ya kankare shi da magagari, ya naɗa masa sabuwar rariyar tagulla mai ƙananan idanu, ya like bakinta da dalma bisa ɗan garwashi. Shi ne kuma ya ƙera wa makaniken ƴan bututun ƙarfe masu kaifin baki da yake huda roba da su, kowane da faɗinsa.

Da muka koma rumfa, dattijon ya shimfiɗa takardar yashi mai laushi bisa gutsuren madubi, ya ɗiga mata baƙin mai, ya riƙa goga fuskar hannun robine yana kewayawa, har zanen ya ɓace ta yi sumul. Madubin ne ke sa fuskar ta fito daidai ba tudu ba kwari. Ya aza tsohon faifai bisa sabuwar roba ya zana, ya yanka, ya huda ramukan ɗaya bayan ɗaya. Ramin ajiya kuma ya buɗe shi da siririyar waya, ya wanke da kananzir, ya hura. Ana cikin haka yara biyu suna ta girgiza tankin da aka zuba wa tsofaffin notuna da kananzir, domin su kakkaɓe tsatsar ciki, abin da ya fito kuwa ja ne kamar ruwan kududdufi. Ya ce gyara robine a mai da shi bisa tanki mai tsatsa, wanka ne a koma cikin turɓaya.

Yana aiki yana ba ni labarin irin robinen da ya gani a rayuwarsa. Akwai na tagulla zalla, mai turke kamar tsinin ƙaho da ke juyawa cikin gurbinsa, ba roba a ciki ko kaɗan: in ya fara ɗiga sai a shafa masa gari mai laushi a yi ta murzawa har turke da gurbi su sake kama juna. Akwai kuma na tsofaffin baburan Ingila, irin su BSA, wanda ake ja ana turawa, abin toshiyarsa ɓawon itacen nan ne mai taushi da Turawa ke toshe kwalba da shi: in ya bushe ya tsuke, sai a jiƙa shi cikin ruwan zafi ya kumbura ya koma aiki. Kowane iri da maganinsa, kuma babu littafin da ya koya masa, daga maigidansa ya gani.

Ana kiran azahar aka gama haɗawa. Ya ɗaure sukurorin daidai wa daida, bai matse ƙwarai ba, aka mai da robine gindin tanki, aka tace man da tsumma aka zuba. Ya sa bakin tiyo cikin kwalba, ya juya wajen buɗewa, mai ya zubo, ya juya wajen ajiya, mai ya zubo, ya rufe, mai ya tsaya cak. Sa'an nan ya shimfiɗa busasshiyar takardar buhun siminti ƙarƙashin babur, muka tafi masallaci. Har la'asar takardar ba ta nuna ko ɗigo ɗaya ba.

Dauɗar da ta kashe wannan robine ba daga sama ta faɗo ba. Shekaru da yawa mutanen kudancin ƙasarmu da man Nijeriya suka dogara, wanda ke shigowa cikin jarkoki ta Magarya da Matamai da Ɗan Isa, a juye a duro, a juye a kwalba, a zuba da mazurari a bakin hanya, ƙurar hunturu tana bi. Kowace juyawa tana ƙara masa rairayi ko ruwa, kuma ruwa ya fi fetur nauyi, gindin tanki yake kwanciya ya haifi tsatsa, daidai inda ramin ajiya yake. A watan Nuwamban 2011 aka buɗe matatar SORAZ a arewacin Damagaram, bisa hanyar Tanut, mai iya tace ganga 20.000 a yini daga man Agadem. A watan Mayun 2023 kuma Nijeriya ta janye tallafin fetur, man fasa-ƙwauri ya yi tsada, jama'a suka koma gidajen mai, har a watan Maris na 2025 aka ga dogayen layuka a Yamai da sauran garuruwa. A irin waɗannan ranaku ne mutum ke sanin darajar ɗan man da ya rage a gindin tanki, kuma a ranar ne da yawa ke tarar da ramin ajiyarsu a toshe, domin sun shekara ba su juya hannun wajen ba.

Da yamma Mushe ya ɗauke ni a baya muka nufi Mirya, kilomita 18 gabas da gari, bisa hanyar da ke zuwa Gure da Difa. Da gangan ya bar robinen a kan ajiya tun daga rumfa, domin a ga ko ramin ya buɗe da gaske. Muka wuce gonakin hatsi da aka girbe, da mata masu komawa gida daga kasuwa bisa jakuna, har muka hangi itatuwan lambunan Mirya, injin bai yi tari ko sau ɗaya ba. A can ya tsaya, ya sauka, ya shafa ƙarƙashin tanki da yatsa, ya shinshina, ya ce yau tsohon zai kwana a zaure.

Abin da ya rage mini a rai shi ne maganar yaran rumfar. Su biyar ne, kuma ɗaya kaɗai ya tsaya ya kalli aikin daga farko har ƙarshe. Sauran sun fi son baburan kabu-kabu, inda ake kwance tsoho a ɗaura sabo cikin minti goma a karɓi kuɗi. Ba laifinsu ba ne, abinci suke nema. Amma mun ga abin da ya faru a 1994, mun kuma ga yadda aka rufe iyaka da Nijeriya bayan watan Yulin 2023, kaya suka yi wuyar shigowa. Ƙasar da ba ta da teku, wadda kowane ƙaramin noti sai ya ƙetaro iyaka kafin ya iso gare ta, ba ta da halin barin irin wannan sani ya bi masu shi kabari. Da tsohuwar zuma ake magani. Muna kira ga shugabannin cibiyoyin koyon sana'a da ƙungiyoyin masu aikin hannu na Damagaram, da Maraɗi, da Tawa, su nemi waɗannan dattawa tun suna da ƙarfi, a ba su wuri da ɗan alawus su koyar.

Ku kuma masu babur, tsoho ko sabo, ga abin da ba ya cin ko dala: ku rufe robine duk lokacin da kuka ajiye babur, domin in allurar karburato ta maƙale cikin dare, shi kaɗai ne ke tsare man tanki. Ku riƙa juya shi wajen ajiya lokaci-lokaci, ku kwance kofin ƙasa ku zubar da ruwan da ya taru. In kuka ji warin mai a zaure, ku fitar da babur waje kafin a hura wuta, kada ku jira gobe. Allah ya kiyaye mu da iyalanmu, amin.